Shekarar da Aka Gina Dutse a Gonarmu

Har yau in na tambayi mutum abu ya ce mini "akwai" da saurin baki, sai na sake dubansa da kyau. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni zargi. Su yi ta faɗa. Ni na san abin da "akwai" guda ɗaya ta ci mana a gidanmu, kuma yau zan rubuta shi. Wanda ya ga dama ya yi dariya, ni ma sai da na shekara ashirin kafin dariyar ta zo mini.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Yekuwa da Dungas. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi da gawo da kaba, in ka hau jaki ka riga ka fi komai tsawo ban da itace. Dutse kuwa, in ka cire na niƙa da mata ke durƙusa a kai, babu shi, kuma shi ma fatake ke kawo shi daga nesa. Zamanin aikin dole ne, lokacin da Nasara kan aiko a tara maza a tafi da su gyaran hanya, wasu su dawo da ƙashin haƙarƙari a waje, wasu a dawo da labarinsu kawai.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi aure, matata da goyo. Gona guda muke nomawa ni da Baba, gabas da gari, ita ce cinmu ita ce shanmu. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kama sunana ba, bai kuma taɓa yabona a gaban mutane ko a bayansu ba. "Kai wane" yake ce mini, yana kallon wani wajen. Abin da aka san shi da shi a ƙasarmu shi ne korar tsuntsu. Da yake ba mu da tsakuwa, yumɓun wani ƙaton suri da ke tsakiyar gonarmu yake dunƙulawa ya shanya a rana, ya cika aljihu. In ya kaɗa majajjawa ya saki wannan "Haaa-kai!" tasa, tsuntsayen jan-baki na gonar maƙwabta ma tashi suke yi. Shekara arba'in yana haka. Ko kaza ce ta gitta ta gabansa yana cin tuwo, sai hannunsa ya zabura.

Da bazara ta yi tsakiya sai ga ƙaramin kumandan na Magarya bisa doki, da tafintansa, da gardi guda, wato dogarin Nasara, mai jar hula. Masu ƙarfi a jika suka fara laɓewa bayan rumbuna, don mun ɗauka mutanen hanya aka zo ɗiba. Ashe ba haka ba. Nasaran nan siriri ne, wuyansa ja kamar na zakara, kuma mahaukacin tsuntsaye ne. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin gawo, ya ciro wani littafi mai kauri ya buɗe ya nuna wa mai gari hoto. Na leƙa ta bayan kafaɗar wani. Ɗan tsuntsu ne da bai kai dunƙulen hannu ba, ruwan toka, da fari a gefen wutsiya, wutsiyar a baje kamar mafici. Tafinta ya ce kumandan ya taɓa ganinsa a wata ƙasa can kudu mai duwatsu da sanyi. Ƙuda yake ci. Yana zaune bisa reshe, in ƙuda ya gitta sai ya fyauce shi ya komo inda ya tashi. Ya ce kumandan na tambaya, ko akwai irinsa a nan?

To, ga abin da yaran yanzu ba su sani ba. A zamanin nan ba a ce wa mai mulki "babu". Rashin ladabi ne, kuma neman fitina ne. Ko nonon zakara ya tambaya, "akwai" ake cewa, in ya tafi a zauna a yi shawara. Mai garinmu kuwa tun kakansa haka aka koya masa. Bai ko dubi hoton sosai ba ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Da yawa ma."

Nasara ya zaro ido. Ya yi wata doguwar magana. Tafinta ya ce, "Kumandan ya yi mamaki. Ya ce littafi ya ce tsuntsun nan a kan dutse kawai yake zama. Kuna da dutse ne?"

Na dubi mai gari. Ya san ya shiga, amma harshe ya riga ya saba hanya. "Akwai, ranka ya daɗe," in ji shi, har da nuni da sanda wajen gabas. "Nan bayan gari kaɗan."

Da Nasara ya ce a kai shi yanzu, da an huta. Amma Allah ya sa ana jiransa a Dungas. Ya ce zai dawo bayan wata guda ya hau dutsen ya ga tsuntsun. Ya hau dokinsa ya tafi yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Bayan la'asar dattawa suka taru a zauren mai gari, har da Baba, ni kuma ina zaune a bakin ƙofa. Liman ya ce a aika a faɗi gaskiya. Mai gari ya ce, "Malam, a aika a ce wa Nasara na yi masa ƙarya sau biyu a zama guda? Kai za ka tafi, ko ɗanka?" Liman ya koma kan carbinsa. Wani ya ce a kai shi duwatsun Damagaram. Mai gari ya ce ai ya riga ya nuna gabas, kuma ya ce kaɗan. Can sai sarkin noma ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa abin ba wuya. Mutanen da suka iya haƙa rijiya gaba ashirin ƙasa, me zai hana su yin gaba ashirin sama? In aka yi dutse, aka tara ƙuda, tsuntsu da kansa zai ji labari. Kowa ya ce madalla. Ba wanda ya yi dariya, ko mutum ɗaya, abin da ke ba ni haushi ke nan har gobe.

Sai maganar wuri. Mai gari ya ce gabas ya nuna, kuma a gabas akwai gonar da Allah ya riga ya fara aikin, tunda ga ƙaton suri a tsakiyarta. Duk suka juyo suka dubi Baba. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a garinmu mai gari ne ya ɗebo, aka zuba a namu.

Na tashi zan yi magana, Baba ya ce, "Kai wane, zauna." Na zauna.

Aka yi gayya, har da gangar noma. Maza na haƙa, mata na ɗauka a kwando, jakuna na jigila da mangala. Ka san daga ina ake ɗiban ƙasar? Daga gonar tamu, mana! Wa zai yarda a kwashe tasa? Rabin gona ya koma rami, rabin ya koma tudu. Rairayi kuma ba ya son hawa, ka zuba da safe, da yamma ya sauko ya zauna. Aka riƙa danne shi da kara da ƙaya da kututture. Don ƙuda kuwa, aka kwashe jujin gari kaf, da kashin shanu daga rugar maƙwabtanmu makiyaya, da na tumaki da awaki, da duk abin da mahauci ya zubar ranar kasuwa. Shimfiɗar ƙasa, shimfiɗar juji, haka har sama. Wani dattijo makiyayi da ya zo wucewa da shanunsa ya tsaya ya dogara sanda ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Sannunku da aiki. Giwa ce ta mutu?" Aka gaya masa dutse muke yi wa tsuntsu. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya kaɗa shanunsa.

Kwana ashirin da 'yan kai dutse ya kai tsayin raƙumi uku. Aka kafa busasshen reshen aduwa a samansa don tsuntsu ya sami wurin zama. Ƙuda kuwa, tabɗi! Kamar an yi musu shela. Mata suka daina tallan fura a gabashin gari. In iska ta juyo, liman sai ya gajarta sura. 'Yan kasuwar Dantchiao suka riƙa ratsowa don su gani, su toshe hanci, su ce kai, mutanen garin nan akwai zuciya.

Saura mai tsaro. Mai gari ya ce ba wanda ya san tsuntsu kamar Baba. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, korarsa na sani." Mai gari ya ce, "To shi ke nan. Duk abin da ka saba yi, ka bari." Haka aka naɗa Baba mai jiran dutse, ba rawani ba goro.

Ranar da Nasara ya dawo, gari duka ya raka shi. Da ya ga dutsen sai ya tsaya. Ya dubi dutse, ya dubi ramin da ke gefensa, ya dubi mai gari. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum ya riƙe ciki, har ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hularsa. Mai gari ya ce wa dattawa a hankali, "Kun gani? Ya ji daɗi." Nasara ya tashi ya ce tunda an wahala, zai hau. Ya hau, ƙafarsa ta nutse har gwiwa cikin abin da ba zan rubuta ba, gardi ya ciro shi. Yana tsaye a gindin dutse yana kankare takalmi da kara, sai tafinta ya ce, "Shhh!"

Wani ɗan tsuntsu ruwan toka ya sauka bisa reshen aduwa. Ya karkaɗa wutsiya. Ƙuda ya gitta, ya yi fir ya cafke shi, ya komo daidai inda ya tashi. Dariyar Nasara ta ɗauke ɗif. Ya sa madubin hangen nesa a ido da hannu guda, ɗayan hannun yana neman shafi a littafi. Ko shi ne tsuntsun hoto, ko wani ɗan'uwansa ne na ƙasarmu da ƙuda ya jawo, ban sani ba, kuma ba wanda zai sani har abada. Don a daidai nan na ji iskar majajjawa ta wuce kunnena.

"Haaa-kai!"

Dunƙulen yumɓu ya bugi reshen, tsuntsu ya ɓace. Baba na tsaye da majajjawa a hannu, yana kallon hannun kamar na wani ne aka ara masa. Hali zanen dutse. Bai ma san ya yi ba.

Nasara ya yi ja har kunne. Ya yi ta faɗa da yarensa, yawu na fita. Ya yago takarda ya rubuta, gardi ya kafa itace gindin dutse ya manna ta da ƙusa. Tafinta ya juyo ya ce, "Kumandan ya ce daga yau ba mai korar tsuntsu a wurin nan, kowane iri ne, sai ya dawo ya gani da idonsa. In aka sake ɗaga hannu ko murya, ɗan tsohon nan," ya nuna ni da baki, "zai tafi aikin hanya." Har yau ina tantama ko Nasara ne ya faɗi ta ƙarshen, ko tafinta ne ya ƙara gishiri don a ji tsoronsa. Baba dai ya ji ta, kuma ta shige shi.

Kwana shida bayan haka ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da sungumi. Ramin gonarmu ya cika ya zama kududdufi, kwaɗi suka tare. Dutse kuma ruwa ya dake shi ya baje, ya yi faɗi kamar tuwon da bai ji gari ba. Baba ya zagaya shi, ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce, "Kai wane, takarda ta hana kora. Ka ji ta hana shuka?" Na ce ban ji ba. Muka shuke shi tun daga gindi har sama.

Jama'a, ban taɓa ganin hatsi irin na shekarar nan ba, kuma ban sake gani ba. Takin gari duka yana ƙarƙashinsa. Kara kamar rake, ganye baƙi ƙirin don kore, zangarniya ta fi kamu ɗaya da rabi. Waɗanda suka kwashe jujinsu suka kawo mana da kansu suka riƙa zuwa suna kallo suna haɗiyar yawu. Sarkin noma har cewa ya yi dama a gonarsa aka yi dutsen. Matata ta fara maganar a yi sabon rumbu. Ni kaina na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Mun ci tumu har ya ishe mu. Baba ne kaɗai ba ya murna. Kullum yana duban sama wajen arewa.

Hatsi na fara ƙosawa jan-baki suka iso, kamar hayaƙi. Ko'ina a gonaki sai ihu da kaɗa gwangwani da jan igiya mai sakaina. To, in kowa ya kori tsuntsu daga gonarsa, ina zai tafi? Tsuntsu ba wawa ba ne. Yini guda suka gane akwai wuri guda a ƙasar nan da ba a ihu, kuma nan ne hatsi ya fi daɗi. Maƙwabcinmu na kudu har aron igiyoyin Baba ya zo yi, tunda a cewarsa bana ba ma bukatarsu. Na kusa shaƙe shi da su.

Na tafi wurin mai gari. Ya ce shi ba ruwansa, takarda ce. Na ce ranka ya daɗe, zo ka ga takardar. Ruwan damina ya wanke ta tas, fara fat, ko ɗigo babu. Ya ce, "Rubutu ne ya goge. Ka ga takardar ta goge?" Na dawo na ce wa Baba ni zan yi ihun da kaina, su zo su ɗauke ni, ai ba a kaina aka fara aikin hanya ba. Bai dube ni ba. Ya ce, "In ka buɗe baki a gonar nan, ban yafe ba." Bai taɓa gaya mini magana mai nauyin wannan ba. Sannan ya miƙo mini igiyar jaki ya ce in ɗaure masa hannun dama a ƙugu, don shi bai yarda da hannun nan ba. Na ce to ka zauna gida mana, Baba. Ya ce an ba shi jiran dutse, kuma in ba ya nan, wani yaro zai zo ya yi ihu a ce mu ne. Na ɗaure. Ya sa goro a baki ya danne da haƙori, ya zauna gindin itacen takarda, tsuntsaye na zuba a kan hatsinsa.

Zuciyata ta kasa ɗauka. Da asuba na kama hanyar Magarya in roƙi Nasara da kaina. Yini guda da rabi na yi a ƙafa. Na yi kwana biyu a ƙofar bariki, gardi na cewa in jira, kafin na ga tafinta ya fito zai tafi cin abinci. Na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa ko ni wane ne.

Ya daɗe yana tunani. Sai ya ce, "Af! Masu dutse!" Ya kira wani akawu ya nuna masa ni, suka yi dariya tare. Na ce don Allah a kai ni wurin kumandan mai tsuntsu.

"Wane? Siririn nan? Ai tun ruwan fari aka sauya masa wuri, ya koma ƙasarsu ma ina ji. Wanda ya zo yanzu ba ruwansa da tsuntsu, sai dai a soya masa."

Na ce to takardar fa?

"Wace takarda?" in ji shi.

Ban yi masa sallama ba. Gudu nake ina tafiya, ina tafiya ina gudu, ina zagin tafinta, ina zagin mai gari, ina zagin ɗan tsuntsun nan mai cin ƙuda da bai san ma ana yi ba. A raina ina cewa ko kashi ɗaya cikin uku ne in tarar. Tun daga nesa na san ban tarar ba, don dutsen ya sauya launi, kuma ba hayaniya. Zangarniya na tsaye reras, dogaye, ba ƙwaya ko ta magani. Ƙasa duk ƙaiƙayi da kashin tsuntsu. Jan-baki sun gama sun yi gaba.

Baba na nan inda na bar shi. Matata ta gaya mini daga baya salla kaɗai ke sa ya bari a kwance shi, ana idarwa ya ce a mayar. Ya yi zaman da har kurciya ta saba da shi, na tarar da guda tana kiwo tsakanin ƙafafunsa. Hannun ya kumbura, igiya ta shige cikin fata.

Na tsaya a gabansa, maganar na bakina. Na shirya ta tun daga Magarya: babu Nasara, babu doka, wata uku ke nan muna gadin farar takarda. Kafin in buɗe baki ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ban ɗaga ba," in ji shi. Muryarsa ta dushe. "Ko sau ɗaya. Ka gaya masa? Ba za su ɗauke ka ba ko?"

Na dubi hatsin, na dubi hannun.

Na ce, "Na gaya masa, Baba. Ya ce ya ji labarin ƙoƙarinka. Ya ce saboda haka an bar ni."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Ya buɗe baki ya fara kiran sunana, ya kai rabi, ya tuna, ya haɗiye sauran. "Kai wane," ya ce, "kwance ni."

Shekarar nan 'ya'yan anza da ganyen tafasa muka ci, na tafi cin rani wajen Kano tun kafin sanyi ya shigo. Mai gari kuwa da ya tambaye ni ko akwai wani saƙo daga kumandan, na ce masa akwai, na faɗa masa abin da na faɗa wa Baba. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya yana ganin da hatsin shekara guda ya fanshi ɗansa, kuma a ganinsa ya yi araha. Ban taɓa gyara masa ba. Ƙullin igiyar nan ranar ya ƙi kwantuwa da yatsa, sai da na durƙusa na sa haƙori.